Ƙidayar Ababen Hawa: Yadda Ta Faro da Yadda Take Tsara Hanyoyi

Ƙidayar ababen hawa ita ce auna yawan abin da ke wucewa ta wani wuri a kan hanya cikin ƙayyadadden lokaci, tare da rarrabe shi iri-iri: ƙaramar mota, bas, babur, tirela, keke, wani lokaci har da mai tafiya a ƙasa. Aiki ne da ba a cika lura da masu yin sa ba, amma a kansa ake yanke faɗin hanya, da kaurin kwaltar da za a shimfiɗa mata, da daƙiƙun da danja za ta ba kowane hannu, da ko mararraba ta cancanci shataletale ko gadar sama. Ma'aunin da injiniyoyi suka fi ambata shi ne matsakaicin abin da ke wucewa a rana guda, wato jimillar shekara a raba ta gida 365. Da wuya a samu wanda ya zauna shekara cur yana ƙirgawa. Kwanaki kaɗan ake ƙirgawa a lissafa sauran, kuma rabin ilimin fannin ya ƙare ne a kan yadda za a yi wannan lissafi ba tare da an yaudari kai ba. Ɗaya rabin tambaya ce da ta girmi kowace na'ura: wa za a ƙirga, wa za a bari?

Faransa ce ta fara mayar da ƙidayar aikin hukuma a faɗin ƙasa. A 1844 hukumarta ta gadoji da hanyoyi ta sa ma'aikata suka tsaya a wuraren da aka zaɓa a kan manyan hanyoyi suna rubuta abin da ya wuce, aka kuma riƙa maimaitawa duk bayan 'yan shekaru har cikin ƙarni na 20. Ba keken doki suke ƙirgawa ba, dabbar da ke jan sa suke ƙirgawa: keken da doki uku ke ja, uku ne a takarda. Dalilin a fili yake. Kofato da ƙafar keke mai ƙarfe su ke cinye tsakuwar hanya, yawan dawakin kuma shi ke nuna nauyin kayan da aka ɗauko, don haka wannan adadi ne ke gaya wa hukuma inda kuɗin gyara ya kamata ya fi yawa. Mai tafiya a ƙasa ba ya cinye hanya, saboda haka ba shi da wani nauyi a lissafin. A wannan zamani ne kuma wani injiniyan Faransa, Charles Joseph Minard, ya zana taswirar 1845 ta matafiya tsakanin Dijon da Mulhouse, inda kaurin layi yake nuna yawan masu bin hanyar. Har yau haka ake zana sakamakon ƙidaya.

Zuwan mota ya canza tambayar daga lalacewar hanya zuwa cikarta. Birtaniya ta kafa Ma'aikatar Sufuri a 1919, ta raba hanyoyinta mataki-mataki, ta yi ƙidaya a kan manyansu a 1922. A lokacin, matakin da hanya ta samu shi ke yanke yawan tallafin da gwamnatin tsakiya za ta ba ƙaramar hukuma a kanta. Amurka ce dai ta mayar da abin sana'a mai zaman kanta. Dokar Hayden-Cartwright ta 1934 ta ba jihohi damar kashe kashi 1.5 cikin 100 na kuɗin hanyar da tarayya ke ba su a kan bincike da tsarawa, kuma a ƙarƙashin Thomas MacDonald, wanda ya shugabanci hukumar hanyoyin tarayya daga 1919 zuwa 1953, jihohin suka shiga ƙirga motoci da auna nauyinsu da tambayar direbobi inda suka fito. Sakamakon ya ba 'yan siyasa mamaki. Ana ta kiran a gina manyan hanyoyi na biyan kuɗi daga wannan gaɓar teku zuwa waccan, sai rahoton hukumar na 1939 ya nuna cewa masu ƙetara ƙasar 'yan kaɗan ne, yawancin tafiye-tafiye gajeru ne, cunkoson kuma a bakin birane da cikinsu yake. Wannan darasi ya maimaitu a kusan duk ƙasar da aka yi ƙidaya ta gaskiya: hanyar da ta fi suna ba lallai ba ce ta fi aiki.

A shekarun 1930 ne na'urar farko mai araha ta bazu, wato tiyon roba da ake gicciyawa a kan hanya, a toshe bakinsa ɗaya, ɗaya bakin a haɗa shi da akwati. Duk tayar da ta taka shi sai iska ta buga akwatin ya ƙara ɗaya. Ana amfani da shi har gobe, da duk aibinsa: ba mota yake ƙirgawa ba, aksil yake ƙirgawa, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin hagu da dama, don haka tirela mai aksil shida mota uku ce a wurinsa sai an gyara lissafin da hannu. A shekarun 1960 aka samu wayar lantarki da ake binnewa cikin kwalta, wadda ke jin ƙarfen mota idan ta bi ta kanta. Da ita aka samu tashoshin dindindin masu ƙirgawa dare da rana, kuma daga waɗannan tashoshi ake samun abin da ake gyara ƙidayar 'yan kwanaki da shi, don su ne kaɗai ke nuna yadda Litinin ta bambanta da Asabar da yadda wani wata ya bambanta da wani.

Yawan motoci kaɗai bai gaya wa injiniya ko hanya ta cika ba. Bruce Greenshields ya fara amsa wannan a tsakiyar shekarun 1930, da ya riƙa ɗaukar hoton motoci a jere da kyamara yana auna saurinsu da tazarar da ke tsakaninsu, ya nuna cewa sauri yana raguwa gwargwadon yadda motoci suka matsu, kuma akwai iyakar da idan aka wuce ta, ƙarin mota sai ya rage yawan masu wucewa. A 1950 aka tattara irin waɗannan awo a littafin Highway Capacity Manual, bugun 1965 kuma ya kawo matakan nan shida daga A zuwa F, inda A ke nufin hanya fayau, F kuma gosulo. Daga wannan zamani ne aka gaji ƙa'idar awa ta 30: ba a gina hanya don awar da ta fi kowace cunkoso a shekara, don hakan ɓarnar kuɗi ne, a jera awoyin shekara daga mafi cika zuwa ƙasa, a ɗauki ta 30 a yi zane a kanta. A Ingila, F. V. Webster na cibiyar binciken hanyoyi ta gwamnati ya fitar da lissafin saita danja a 1958, wanda ke raba lokacin kore gwargwadon yawan motocin kowane hannu. Shi ya sa ƙidayar mararraba ta fi ta miƙaƙƙiyar hanya wahala: mahaɗa mai hannu huɗu tana da motsi 12, don daga kowane hannu ana miƙewa, ana yin dama, ana yin hagu, kuma kowanne sai an ƙirga shi daban.

Cikin wannan lissafi duka an shigar da wani zato da ba a cika tankawa a kansa ba. Don a haɗa bas da babur da tirela a adadi ɗaya, sai aka mayar da ƙaramar mota ma'auni. A ƙa'idar da aka saba da ita a Birtaniya, ƙaramar mota 1 ce, bas 2, babur 0.4, keke 0.2. Lissafin daidai ne idan fili ake aunawa. Amma bas mai fasinja 60 ya zama 2 a takarda, mota mai mutum ɗaya ta zama 1, kuma hanyar da ta samu matakin A ita ce wadda motoci ke gudu a kanta, ko da tsohuwa za ta yi minti goma a bakinta tana neman tsallakawa. Kamar yadda Faransa ta ƙirga doki ta gina wa doki, haka ƙarni na 20 ya ƙirga mota ya gina wa mota.

Ƙidayar bakin hanya tana faɗin inda motoci suke, ba ta faɗin inda masu su ke son zuwa. Don cike wannan giɓi aka fara bin gida-gida a Amurka daga 1944 ana tambayar mutane tafiye-tafiyen da suka yi jiya. Binciken Detroit na 1953 da na Shikago da aka fara a 1955, duka a ƙarƙashin J. Douglas Carroll, su suka kafa tsarin matakai huɗu da ake koyarwa har yanzu: tafiya nawa kowace unguwa ke haifarwa, ina suke nufa, da wane abin hawa, ta wace hanya. An shiga dubun-dubatar gidaje a Shikago, aka zuba amsoshin a kwamfutocin farko, aka yi hasashen shekara 25. Hasashen ya ce motoci za su ƙaru, aka gina musu hanya, suka kuma ƙaru, sai aka ɗauka hasashen ne ya yi daidai.

An daɗe kafin a yarda cewa hanyar ce da kanta ke haifar da wani ɓangare na motocin. Anthony Downs ya rubuta tun 1962 cewa sabuwar babbar hanyar birni takan cika maƙil a lokacin fita aiki komai faɗinta. Zoben M25 da ya kewaye Landan, wanda aka kammala a 1986, ya cika da wuri fiye da yadda aka zata, kuma a 1994 kwamitin da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan manyan hanyoyi ya tabbatar a hukumance cewa ƙarin hanya yana jawo ƙarin zirga-zirga. Wanda a da yake fita da sassafe don gudun gosulo sai ya koma fita da kowa, wanda ke shiga bas sai ya fito da motarsa, mai neman fili sai ya saya a nesa. A 2005 Bent Flyvbjerg da abokan aikinsa suka duba ayyuka 210 a ƙasashe daban-daban, suka tarar rabin ayyukan hanya hasashensu ya kauce da fiye da kashi 20 cikin 100, na jirgin ƙasa kuma, a matsakaici, an yi hasashen fasinjan da ya ninka wanda ya zo. A ɗaya gefen, wani masanin gine-gine a Denmak, Jan Gehl, ya zauna a titin Strøget na Kopenhagen, wanda aka hana motoci shiga a 1962, yana ƙirga masu tafiya da masu tsayuwa da masu zama. Da alƙaluman irin wannan ƙidaya aka riƙa kare ƙarin titunan ƙafa a birnin duk lokacin da 'yan kasuwa suka yi ƙorafi.

Wani reshe na fannin ya bi ta kan nauyi, kuma shi ya fi shafar ƙasashe irin Najeriya da Nijar. Daga 1958 zuwa 1960 aka gina hanyoyin gwaji a Ottawa ta jihar Illinois, masu kauri daban-daban, aka sa sojoji suna zagaya su da manyan motoci ɗauke da kaya dare da rana har kwaltar ta farfashe. Abin da aka gano shi ne ɓarnar aksil ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyinsa: idan nauyi ya ninka biyu, ɓarna takan ninka kusan 16. Aka ɗauki aksil mai tan 8.16 a matsayin ma'auni, kowace mota a mayar da ita wannan ma'auni. A wannan lissafi ƙaramar mota kusan ba komai ba ce. Gingimari ɗaya da aka yi wa lodi ya fi dubbansu cin hanya. Tun daga nan ƙidaya ta rabu biyu: faɗin hanya daga yawan motoci, kaurinta daga nauyin manyansu.

Wannan ilimi ya iso ƙasashen Afirka da dama ta hannun sashen ƙasashen waje na cibiyar binciken hanyoyi ta Birtaniya, wanda aka kafa a 1955. Littafinsa Road Note 31, da ya fara fitowa a 1962, shi ne jagoran zanen kwalta a ƙasashe masu zafi, kuma injiniyoyi da yawa a Najeriya da shi aka yaye su. A farkon shekarun 1970 cibiyar da Bankin Duniya suka yi bincike a Kenya kan yadda lalacewar hanya ke ƙara wa mai mota kuɗin mai da taya da gyara. Daga nan aka gina manhajar HDM, wadda bugunta na huɗu ya fito a 2000, kuma da ita ake gwada ko aikin hanya ya cancanci bashi. Adadin farko da manhajar ke nema shi ne na ƙidaya. Saboda haka a ƙasashe da dama ƙidayar ta zama sharaɗin cin bashi: a yi ta sau ɗaya lokacin neman kuɗi, a rufe rahoton a kabad, ba za a sake komawa wurin ba sai wani aikin ya taso.

Yadda ake yin ta a Najeriya bai canza sosai ba. Ana ɗaukar matasa, sau da yawa ɗalibai ko masu bautar ƙasa, a ba kowa allo da takarda da aka zana gida-gida, kowane gida na irin abin hawa ɗaya. Mutum ɗaya ya riƙe hannu ɗaya. Duk abin da ya wuce a ja kara, huɗu a tsaye, na biyar a gicciye, duk minti 15 a koma sabon layi. Ƙa'ida ita ce kwana bakwai a jere, awa 12 ko 16 a rana, da aƙalla kwana ɗaya ko biyu na awa 24, domin manyan motoci da dare suka fi tafiya, kuma ƙidayar da ta tashi da magariba ta bar waɗanda suka fi cin hanyar. A hanyar karkara mai tsawo akan yi amfani da dabarar Wardrop da Charlesworth ta 1954: mai ƙidaya ya shiga mota ya je ya dawo, yana ƙirga waɗanda ya yi karo da su, da waɗanda suka wuce shi, da waɗanda ya wuce.

Mai duba aikin yana da nasa dabarun, don rana idan ta take, ba kowa ke jure zama a bakin kwalta ba, kuma takardar da aka cike a gindin bishiya tana da kamanninta. Adadi yakan yawaita ƙarewa da 0 ko 5. Awoyi sukan yi kama da juna fiye da kima, alhali hanya ta gaskiya tana yin tsit lokacin sallar Juma'a, ta ɓarke bayan an sallame. Abin da ya shiga gari cikin awa 24 ya kamata ya yi kusa da abin da ya fita, abin da ya bar wannan mararraba kuma ya kamata ya bayyana a ta gaba in ba wata kwana a tsakani. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma sai in akwai mai leƙawa. Na'ura ma ba ta tsira ba. Tiyon roba an yi shi ne don motocin da ke bin layi ɗaya bayan ɗaya. Inda babura uku ke taka shi a lokaci guda, ko gosulo ya tsayar da taya a kansa, abin da zai rubuta ba abin dogaro ba ne. Ga zafin kwalta da ke cinye robar, ga buƙatar mai gadi da zai kwana kusa da akwatin.

Babbar matsalar ita ce zaɓen rana. Littattafan Turai sun san bambancin ranar aiki da ƙarshen mako, ba su san ranar kasuwa ba. Hanyar Wudil ranar Juma'a, ko ta Maigatari ranar Alhamis, ko ta Mai'aduwa ranar Lahadi, ba ita ce hanyar sauran kwanaki ba, kuma motocin shanu da na hatsi da ke cika ta a wannan rana su ne masu nauyin. Haka kaka ta bambanta da damina a hanyoyin da ke kai kaya Dawanau, azumi yana tura cunkoson yamma zuwa gab da shan ruwa, jajibirin Sallah kuma ba ya wakiltar komai sai kansa. Tun da watan Musulunci yana zagaya shekarar Turawa, ba za a iya cewa wata kaza na Turawa kullum haka yake ba. Maganin duk wannan shi ne tashoshin dindindin da za su yi shekaru suna ƙirgawa, kuma su ne abin da ya fi ƙaranci. Inda babu su, injiniya yakan ɗauko ƙidayar mako guda ya ɗora mata ƙarin kashi kaza cikin 100 a kowace shekara har shekara 20, adadin da sau da yawa daga tsohon rahoto aka kwafo shi.

Tarihin baya-bayan nan ya nuna raunin irin wannan hasashe. A Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur, cikin ɗan lokaci A Daidaita Sahu ta cike gurbin acaɓa, duk ƙidayar da aka yi kafin nan ta tashi daga aiki. Keke mai ƙafa uku ya fi babur cin fili, yana tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu, kuma ba shi da gurbi a jadawalin da aka aro daga Birtaniya. Indiya ce ta yi nisa wajen auna irinsa. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, sun ɗauke manyan motoci daga hanyoyin Jibiya da Illela da Kwangwalam. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya sa mutane da yawa sun ajiye motocinsu. Rashin tsaro ya canza lokacin da ake bin hanyar Abuja zuwa Kaduna, ya kuma tura wasu matafiyan zuwa jirgin ƙasa. Babu ɗaya cikin waɗannan da lissafin ƙarin shekara-shekara zai hango.

Legas ta ga amfanin ƙidaya, ta kuma ga illar rashinta. A 1977 aka kafa dokar lambar mota: masu lamba mara su shiga tsakiyar birni wasu ranaku, masu cika wasu ranakun. Masu hali suka sayi mota ta biyu, gosulo ya dawo. Bayan an kafa hukumar sufuri ta LAMATA a 2002 sai aka koma auna fasinja a kan manyan hanyoyi, kuma a kan wannan aka keɓe wa bas layinsa daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22, a Maris 2008. Bitar da aka yi bayan fara aikin ta nuna cewa waɗannan bas, da ba su wuce kashi 4 cikin 100 na ababen hawan hanyar ba, suna ɗaukar fiye da rubu'in matafiyanta. Da motoci kaɗai aka ƙirga, da ba wanda zai yarda a ƙwace musu layi guda.

A Arewa tsara birni bisa bincike ba sabon abu ba ne. Tsarin Kano na shekara 20 da B. A. W. Trevallion ya jagoranta ya fara daga 1963, na Kaduna da Max Lock ya yi ya fito a 1967, cibiyar fasahar sufuri ta NITT kuma tana Zariya tun 1986. Amma abin da ya fi fitowa fili a 'yan shekarun nan gadoji ne: Ƙofar Nasarawa, Dangi, Hotoro, Sabon Gari da sauransu a Kano kaɗai. Gadar sama tana magance abu ɗaya, wato motocin da ke miƙewa ta mararraba. Idan ƙidayar motsi ta nuna mafi yawansu kwana suke yi, ko cunkoson daga lodin fasinja da kasa kaya a bakin titi yake tasowa, gadar za ta tura gosulon ne zuwa mahaɗa ta gaba. Sau da yawa abin da ƙidaya ke nunawa ƙaramin aiki ne: sake saita danja, keɓe wurin sauke fasinja a ɗan nesa da mararraba, rufe wata kwana, gyara magudanar da ke cinye rabin titi da damina, ko yin tsibiri a tsakiyar hanya inda 'yan makaranta ke tsallakawa. Irin waɗannan ba a yanka musu kirtani, shi ya sa ba su da masu neman su.

A kan manyan hanyoyi kuwa sikeli ya fi allo muhimmanci. Ƙa'idar ECOWAS ta iyakance aksil guda a tan 11.5, ƙasashen UEMOA masu amfani da kuɗin sefa, ciki har da Nijar, suna da irin wannan doka tun 2005. Aksil mai tan 16 yana ɓarnar da ta kusa ninka ta mai tan 11.5 sau huɗu, don haka hanyar da aka zana wa shekara 20 za ta iya ƙarewa cikin biyar ko shida ba tare da ɗan kwangila ya ha'inci kowa ba. Tun da jirgin ƙasa ya daina ɗaukar mafi yawan kaya, siminti da mai da taki da hatsi duka kwalta ke ɗauke da su. Awon nauyi ma yana da tarkonsa: da zarar labari ya bazu a tasha cewa an kafa sikeli, masu lodi fiye da kima sukan yada zango su jira a tashi, ko su sake hanya, sai sakamakon ya fito da sauƙi fiye da gaskiya.

A karkara matsalar ta koma ta farko, ta wa ake ƙirgawa. An daɗe ana ɗaukar mota 200 zuwa 300 a rana a matsayin iyakar da hanyar burji ta cancanci kwalta. Hanyar da ta lalace har direbobi suka guje ta ba za ta taɓa kai wannan adadi ba, sai rashin motar ya zama hujjar ƙin gyara ta. Binciken da aka yi a gundumar Makete ta Tanzaniya a shekarun 1980 ya nuna mafi yawan zirga-zirgar ƙauye da ƙafa ake yin ta, zuwa gona da rijiya da niƙa da itace, kuma mata ne ke ɗauke da mafi yawan kayan. Daga irin wannan ne aka fara sa babur da keke da amalanke da jaki da mai kaya a ka cikin takardar ƙidaya, Bankin Duniya kuma ya fito da wani ma'auni a 2006 wanda ba ya tambayar yawan mota: mutum nawa ne ke zaune cikin kilomita 2 daga hanyar da ake bi rani da damina. A wannan ma'auni kwalbati ɗaya a mashigin rafi yana iya fin kilomita goma na kwalta amfani.

Sabon abin da ya shigo shi ne kyamara da wayar hannu. Kyamara mai manhajar gane siffa tana ƙirga duk motsin mararraba, kuma ana iya komawa a duba hoton idan an yi shakka, sai dai manhajar da aka horar da motocin Turai takan rikice a kan A Daidaita Sahu da kurar ruwa har sai an koya mata. A 2012 kamfanin Orange ya ba masu bincike bayanan kiran waya na Kodebuwa bayan an cire sunaye, masu binciken IBM suka fitar da taswirar zirga-zirgar Abijan daga ciki, suka ba da shawarar gyaran layukan bas da suka ƙiyasta zai rage lokacin tafiya da kusan kashi 10 cikin 100. A Nairobi ɗalibai suka shiga motocin haya da wayoyi masu nuna wuri, aka fitar da cikakkiyar taswirar layukansu a 2014, abin da hukuma ba ta da shi. Waɗannan bayanai suna rufe gari duka, dare da rana, da kuɗi kaɗan. Amma waya ba ta faɗin nauyin mota, ba ta rarrabe mai babur da fasinjan bas cikin sauƙi, kuma tana ganin masu waya ne kawai, ta bar yara da matalauta da yawancin matan karkara. Ga kuma batun sirrin mutane, wanda a Najeriya ya shiga ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023. Saboda haka duk inda ake aiki da su da gaske, akan zaɓi wasu wurare a sa mutane su ƙirga da hannu, a gwada adadin wayar da nasu kafin a yi zane a kansa.